Lafazi Namu, Jumla Tasu

Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Zariya ta ratsa Funtuwa, ta bi ta Bakori har ta dangana da Malumfashi, in dai yana daga masu kula da abin da ake rubutawa, zai shaida cewa tun da aka san boko a wannan ƙasa rubutun Hausa bai taɓa yawaita kamar yadda ya yawaita a zamanin nan ba. Ga shi a allunan masu sayar da iri da taki, ga shi a jikin kwalaben maganin feshi da katunan ɗaurin aure da takardun ƙungiyoyin manoma, balle a cikin wayar hannu, wadda da ita dillalin hatsi na kasuwar Ɗandume yake aika wa abokin cinikinsa na Kano farashin masara tun ba a gama sauke buhuna daga mota ba, yaron da ke karatu a Zariya kuma yake rubuto wa mahaifinsa na Kafur bukatunsa bai jira mai tafiya gida ba. Wannan ni'ima ce da ta cancanci godiya ga Allah, domin kakanninmu da suka shiga ajin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950 ko a mafarki ba su ga rabinta ba. Sai dai tare da ita akwai wani al'amari da ya daɗe yana damuna, na kuma tabbata ya dami duk wanda aka taɓa miƙa wa takarda aka ce ya karanta wa dattijo. Sau da yawa mai karatu yakan kai aya, kalmomin da ya furta duka na Hausa ne, babu ko ɗaya da dattijon bai sani ba, amma sai ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To, yaro, yanzu gaya mini abin da suke nufi."

Mutane sun fi ɗora laifin a kan aron kalmomi, alhali kuwa Hausa ba ta taɓa cutuwa da aro ba. Daga Larabci ta karɓi littafi da alƙalami da hukunci da sadaka, daga Yarabanci ta karɓi ashana da agogo, masana lugga ma suna cewa karatu da rubutu kansu ta bakin Barebari suka iso mana, daga Turanci kuwa ta karɓi mota da sikeli da banki da rasit, ta tanƙwara kowace har ta zauna a harshen manomi daram, ya kira takinsa kamfa ko sufa ko yuriya ba tare da ya ji yana yaren wani ba. Masaƙan Maska, waɗanda saƙarsu ta yi suna tun kafin zuwan Turawa, suna iya sayen zare daga kowace kasuwa, tufa kuma ta fito ta Maska, domin hannun da ya jera zaren da tsarin da ya bi su ne asalinta. Haka kalma take a wurin harshe, nahawu kuwa shi ne saƙar. Abin da nake magana a kai shi ne rubutun da lafazinsa na Hausa ne amma jerin jumlarsa na Turanci, wato wanda mai shi ya yi tunani da Turanci, ko ya ɗauko takardar Turanci, ya bi ta kalma bayan kalma yana musanyawa, har ya kai ƙarshe bai taɓa tambayar kansa yadda Bahaushe zai faɗi wannan magana ba.

Ba haka boko ya faro ba, wannan kuwa ya kamata a sani. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da baƙaƙen Turawa a 1912; a farkon shekarun 1930 hukumar fassara da talifi ta zauna a Zariya a hannun Dokta Rupert East, ta shirya gasar 1933 wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar; a watan Janairu na 1939 kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, Malam Abubakar Imam, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina ya kuma koyar a Midil ta Katsina, yana editanta. Hujjar da ta fi ƙarfi a wannan babi ita ce Magana Jari Ce, domin da yawa daga labaranta an ɗauko su ne daga littattafan Larabawa da na Indiya da na Turai, amma ba wanda zai karanta ta ya ji ƙamshin baƙunta a jumla ɗaya. Imam da tsararrakinsa sun girma cikin Hausa, sun yi karatun allo da na ilmi, sa'an nan suka koyi Turanci, saboda haka in suka karanta abu sai su haɗiye ma'anarsa, su rufe littafin, su faɗe ta da bakinsu. Ashe tarjama ba ita ce cutar ba. Cutar ita ce gaggawa, da tsoron rabuwa da siffar asali.

A ƙasar Funtuwa da Malumfashi takardar Turanci ta biyo auduga ne. Layin dogon da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda a 1929, kamfanin auduga na Ingila, BCGA, ya kafa injin gurza a Funtuwa da Malumfashi, akawu da malamin sikeli suka zauna a fuloti suna rubuta rasit. Amma a wancan zamani tsakanin manomi da takarda akwai mutum, mutumin kuwa da baki yake bayani, in ba a gane ba a sake tambayarsa. Al'amarin ya soma sauyawa ne a tsakiyar shekarun 1970, sa'ad da abu biyu suka zo kusan tare. A 1975 aka buɗe shirin raya aikin gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe, ya kawo malaman gona da cibiyoyin sayar da taki da irin masara na zamani, ilmin da ke bayan duk wannan kuwa da Turanci aka rubuta shi, dole a juya shi Hausa kafin damina ta wuce. A 1976 kuma aka fara ilmin firamare kyauta ga kowa, yara suka cika azuzuwa, suka koyi insha'i da rubuta wasiƙa da cika fam da Turanci, Hausa kuwa ta zama darasi ɗaya cikin darussa. Ga kuma rediyo, tun daga Kaduna har zuwa sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957, wanda labaran duniya ke iso masa da Turanci, mai fassara yana aiki agogo na kansa. Da aka ƙirƙiri Jihar Katsina a 1987, ƙananan hukumomi suka ƙaru daga baya, kowace da sakatariyarta da sanarwarta, sai wannan salo ya zama shi ne abin da jama'a ke ɗauka Hausar ilmi, har wanda bai taɓa shiga aji ba in zai sa a rubuta masa takardar koke yakan so a rubuta ta haka, don kada a raina shi.

Babban abin da wannan salo ya shigo da shi, wanda kuma a ganina ya fi kowane illa, shi ne ɓacewar fa'ili, wato mai aikata aiki. Turancin ofis yana son ya mai da fi'ili masdari, ya ɗauki aikin da mutum zai yi da hannunsa ya mai da shi suna, sa'an nan ya sa wannan suna ya haifi wani suna, har jumla ta ƙare ba a ga ɗan Adam a cikinta ba. Bari in ƙaga misali irin wanda duk mai noman rani a Ɗanja ya saba gani a jikin kwalba ko a takardar da ke tare da ita: "Yin amfani da wannan magani ba tare da sanya kayan kariya ba na iya haifar da mummunan tasiri a kan lafiyar mai amfani, kuma ana ba da shawarar kauce wa girbin amfanin gona kafin cikar wa'adin da aka ƙayyade." A duba da kyau. Wa zai yi amfani? Mene ne kayan kariya, laya ko garkuwa? Mene ne mummunan tasiri, ƙaiƙayi ko mutuwa? Shawara kuwa a Hausa abu ne da mutum ke da zaɓin ɗauka ko bari, ga shi an sa ta a wurin da ake nufin hani mai tsanani. Yanzu a saurari yadda malamin gona na kirki zai faɗa wa ɗan ƙwadagon da ya goya injin feshi a bakin fadama: "Wannan guba ce. Kada ka fesa sai ka rufe hanci da baki, ka sa safar hannu, ka ba iska baya. In ka gama ka yi wanka da sabulu kafin ka taɓa abinci. Kada a tsinki tumatir sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar sun cika." Kowace jumla a nan tana da mai yi da abin yi da lokacin yi, tana fuskantar mutum guda tana ce masa "ka" da "kada ka", ba ta kuma rasa ko ƙwayar ilmin da ke cikin ta farko ba, sai ma ƙari. Wanda ke ganin ta farko ta fi nuna ilmi, ya tuna cewa wanda aka rubuta dominsa zai tsaya ne tsakiyar gona da rana tsaka, iska tana kaɗo masa abin da ke fita daga bakin famfo.

Kada a ce Hausa ba ta san ɓoye mai aiki ba. Ta sani sarai, tana da "an" da "aka" da "za a", amma tana da wuraren da take ajiye su: in ba a san mai yin ba, kamar a ce an sace akuya, in kowa ya san shi, kamar a ce an yi ruwa, ko kuwa don kunya da girmamawa, kamar yadda mace kan ce "an dawo" tana nufin maigidanta. Abin da ba ta yi shi ne ta ɓoye fa'ili a farkon jumla sa'an nan ta jawo shi ta ƙofar baya a ƙarshenta, kuma a nan ta dace da Larabcin malamai, domin duk wanda ya karanta Ajuruma ya san babin maf'ulin da ba a ambaci fa'ilinsa ba, ya san in an share shi an share shi ke nan. Turanci kuwa yana da ƙaramin harafi da yake maido da shi, masu fassara suka nemi makwafinsa suka rasa, sai suka kama "daga" da "ta hannun" suka ɗora musu kayan da ba nasu ba. Haka ake samun irin "an raba takin daga shugaban ƙungiya", ko "an sayar da gonar ta hannun Malam wane". Wannan ta biyun ta isa ta kai mutane gaban alƙali, domin marubucin yana nufin Malam wane ne ya sayar, Bahaushe kuwa in ya ji "ta hannun" abin da ya fahimta shi ne Malam wane ɗan aike ne ko dillali, mai gonar wani ne dabam.

Haka nan takardun bashi, waɗanda suka yawaita tun da noman masara ya zama ba ya yiwuwa sai da taki, taki kuma ba ya samuwa ga talaka sai da rance. Sakataren ƙungiya, da kyakkyawar niyya, yakan rubuta abu mai kama da wannan: "An amince cewa za a biya kuɗin bayan girbi, kuma rashin yin hakan zai haifar da ɗaukar matakin da ya dace." Wane girbi, na masara ko na dawa ko cirar auduga, alhali tsakaninsu akwai watanni, farashi kuma yana hawa yana sauka a tsakani? Wa zai ɗauki mataki, wane irin mataki, wa ya ce ya dace? Aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma, wadda ke cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ta yi umarni da a ambaci ajali sananne, marubuci ya rubuta da adalci, wanda ake bi shi ne zai yi shifta, a kuma kafa shaidu. Hikimar sa wanda ake bi ya yi shifta a fili take, domin mutum in yana faɗa da bakinsa cewa zai yi, "Ni wane ɗan wane na karɓi taki buhu huɗu daga hannun wane, zan biya shi kuɗi kaza ranar kaza ga watan kaza, in ban biya ba a sayar da masarata buhu kaza a biya shi, shaiduna wane da wane." A wannan babu kafar da gardama za ta shiga. Salon da ya kauce wa ambaton mutum yana da amfani ga wanda ba ya son a kama shi da alkawari, shi ya sa "ana ƙoƙarin samar da taki" ta fi sauƙin rubutawa a kan "ni zan kawo taki ranar Litinin", bai kuwa kamata mu koya wa 'ya'yanmu shi da sunan fasaha ba.

Akwai waɗansu alamomi ƙanana, ba su da haɗari kamar waɗancan, amma su ne ke saurin tona asirin inda jumla ta fito. A kasuwar Bakori ba wanda ke cewa "buhuna goma" ko "tiyoyi biyar" yana ciniki, buhu goma ake cewa da tiya biyar da shekara arba'in, domin adadin ya riga ya nuna yawa, Larabci ma daga goma sha ɗaya zuwa tis'in da tara mufradi yake kawowa. Amma mai rubutu yana jin in bai kawo jam'i ba malamin Turancinsa zai ja masa jan layi. Haka "wani" da "wata", waɗanda a Hausa suke shigo da sabon mutum cikin labari, an mai da su makwafin harafin nakira na Turanci, har a rubuta "shi wani manomi ne" inda "manomi ne" ta wadatar, ba a lura ba cewa "wani" a wannan wuri tana iya ɗaukar raini. "Ina da ciwon kai" ta kori "kaina ke ciwo", "yana da shekaru sittin" ta kori "shekararsa sittin". Bahaushe in yana lissafi cewa yake da gero da dawa da wake da gyaɗa, kowane da "da" ɗinsa, in yana jera ayyuka kuma ba ya bukatar mahaɗi, ya zo ya zauna ya ci ya tashi; yanzu sai waƙafi, waƙafi, sa'an nan "da kuma" a gaban na ƙarshe. Kasuwar da ke cikin manyan kasuwannin hatsi ta koma "ɗaya daga cikin mafi girman kasuwanni". "Inda" kuwa, wadda aikinta nuna wuri, ta zama igiyar da ake ɗaure jumla biyar da ita a labarin jarida, inda ya ce, inda ya ƙara da cewa, inda daga nan aka tashi, ba wurin da aka nufa ko ɗaya.

Abin da ya fi ba ni takaici a wannan fanni shi ne dukiyar da ake bari a ƙasa, wato sarfun fi'ilin Hausa. Ɗauki saye. Mutum ya sayi hatsi, ya sayo shi in ya taho da shi gida, ya saye shi in bai bar komai ba, ya sayar in ya rabu da shi, ya sassayar in kaɗan kaɗan ya yi ta fitarwa ga mutane dabam dabam, hatsin kuma ya sayu in ciniki ya faɗa, ba ya sayuwa in tsada ta hana. Ma'ana bakwai daga saiwa ɗaya, da sauyin wasali ko maimaita gaɓa. Turanci ba shi da wannan, da ƙarin kalmomi yake biyan bukatarsa, don haka wanda ya bi sawunsa sai ya rubuta "ba za a iya yin noma a gonar ba" a maimakon "gonar ba ta nomuwa", ya rubuta "ya sayi dukkan hatsin gaba ɗaya" a maimakon "ya saye". Haka kalmomin ƙarfafawa, fari fat da baƙi ƙirin da ja wur da kore shar, rumbu ya cika maƙil, ƙasa ta bushe ƙamas, duk an tattara su an musanya da "sosai" da "matuƙa". Ba a rasa su a baki ba, alhamdu lillahi. Wanda ya saurari Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa da ya yi zamansa a Funtuwa har ya rasu a 1999, ko ya zauna wurin masu sussukar masara da kaka, ya san harshen yana nan da ƙarfinsa. A kan takarda ne kawai ake jin kunyarsu, kamar ba su isa shiga ofis ba.

Ladabin magana ma ya taɓu. Turancin yau lamiri ɗaya gare shi na wanda ake yi wa magana, babba ko yaro, ɗaya ko jama'a, mu kuwa muna da "ku" ta girmamawa, muna da Baba da Inna da Yaya da Malam da ranka ya daɗe, muna da gaisuwar da ba a tsallake ta. Wasiƙar dā takan fara da sallama da gaisuwa da tambayar lafiyar iyali, sa'an nan "bayan haka", kana bukata ta biyo. Saƙon waya na yau yakan buɗe da "barka da safiya", ya faɗi bukata, ya rufe da "ka kula da kanka", wadda a kunnen dattijo ta fi kama da kashedi. Akwai kuma rikicin amsar tambayar korewa. In aka ce wa Bahaushe "ba ka kai kuɗin ba?" ya ce "i", nufinsa haka ne, bai kai ba, ɗan makaranta da ya saba da ƙa'idar Turanci sai ya rubuto "a'a" yana nufin bai kai ba, uban ya karanta ya ɗauka an kai.

Mai karatu yana iya cewa, kuma da gaskiyarsa, ai Larabci ma ya yi wa Hausa haka. Wanda ya zauna a zaure ana karanta Ahalari ko Iziyya ko Risala ya san Hausar da malam ke fassara da ita, wadda take bin Larabci kalma da kalma, ta gabatar da fi'ili a kan fa'ili, ta cika da "lalle ne" da "haƙiƙa" da "shi, wannan abu". To, amma akwai bambanci. Malam ya san wannan tsani ne na kai ɗalibi ga nassi, shi ya sa in ya gama biya layi sai ya ɗago kai ya ce "wato", ya warware mas'alar da Hausar da ake sayen goro da ita, in ya tashi daga karatu kuma ba ya yi wa iyalinsa magana da Hausar tarjama. Takarda ba ta da "wato". Ban kuma ce duk abin da ya shigo a kore shi ba. "Ɗaukar mataki" da "taka rawa" da "jawo hankali" sun zauna, yara sun tashi da su, wanda ya ce zai fitar da su ya ɓata lokacinsa. Aya da waƙafi da sakin layi ma ta hanyar boko suka zo mana, sun kuwa taimaki mai karatu ƙwarai. Harshe rayayye ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ma'aunina guda ne, shi ne ko jumlar ta isar da ma'ana ga wanda bai san Turanci ba, domin rubutun Hausar da sai mai Turanci ke gane shi ya rasa dalilin samuwarsa.

Yanzu kuma ga sabuwar ƙofa ta buɗe, wato fassarar kwamfuta da ke cikin kowace waya. Waɗannan na'urori daga rubutun da mutane suka zuba a intanet suke koyo, da yawa daga Hausar da ke can kuwa fassarar labarai ce da sanarwa, saboda haka abin da suka koya shi suke maido mana, mai shagon buga takardu a Funtuwa ya kwafa ya buga, yaro ya gani a rubuce ya ɗauka ita ce daidai. A 1977 manufar ilmi ta ƙasa ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa a shekarun farko na firamare, makarantun horar da malamai na Zariya da Katsina kuma suna yaye malaman Hausa. Abin da nake roƙon waɗannan malamai shi ne, tare da ƙa'idojin raba kalma da baƙaƙe masu lanƙwasa, waɗanda su ma wajibi ne, su riƙa shigo da takardun gaske cikin aji, na taki da na asibiti da na banki, su sa ɗalibai su rufe takardar su faɗi abin da ta ƙunsa da baki, sa'an nan su rubuta abin da suka faɗa. Sakatarorin ƙungiyoyi su riƙa rubuta yarjejeniya da shiftar masu ita, a ambaci suna da adadi da rana. Kamfanonin maganin feshi kuwa, da hukumar NAFDAC da ke yi wa kayansu rajista, ya kamata su ɗauki gargaɗin da ke jikin kwalba da nauyin da suke ɗaukar abin da ke cikinta: a rubuta shi da Hausa tun daga farko, da manyan baƙaƙe, da "ka" da "kada ka", a kai shi fadamun Ɗanja da Kafur a karanta wa masu feshin kansu, a tambaye su abin da za su yi da abin da ba za su yi ba, in amsarsu ta saɓa wa abin da likita da malamin gona suke nufi a koma a sake rubutawa kafin a buga.